Gani Ya Kori Ji? Auna Ingancin Takardun Jagora na Manhajojin Sake Kallon Wasan Ƙirƙirarriyar Basira

Tsakure

Wannan maƙala ta duba takardun jagora na manhajojin da masu bincike ke naɗar wasan bidiyo da su, su sake kallonsa, bayan wakilin ƙirƙirarriyar basira ya buga. Ta ɗauki Gym Retro da RecordVideo na Gymnasium a matsayin misali, ta kuma waiwayi StarCraft II. Hujjarta ita ce ma'aunan da aka saba auna takardun manhaja da su ba su wadatar a nan ba, domin manhajar sake kallo kayan kafa shaida ce. Tana iya aiki lami lafiya, ta fitar da bidiyo mai kyau, alhali mai kallo ya tashi da fahimtar da ba ita ba ce. Saboda haka abin da ya kamata a fara tambayar takardar jagora shi ne ko ta tsare mai karatunta daga irin wannan kuskure da ba ya sanar da kansa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2013 Marc Bellemare da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta Kanada suka wallafa bayanin Arcade Learning Environment, dandalin da ya mayar da tsofaffin wasannin Atari 2600 filin gwajin ƙirƙirarriyar basira. A watan Fabrairun 2015 DeepMind ta wallafa a mujallar Nature sakamakon wakilinta DQN a kan wasanni 49. Daga nan wasan bidiyo ya zama awon da ake gwada hanyoyin koyo ta hanyar lada, wato inda ake barin manhaja ta yi ta gwadawa, ana ba ta maki idan ta dace. Manhajar da ke koyon wasan ita ake nufi da wakili a wannan takarda.

Maki kaɗai kuwa ba ya faɗin gaskiya. A Disambar 2016 OpenAI ta ba da labarin wakilin da ta horar a wasan tseren kwale-kwale mai suna CoastRunners. Makinsa ya ɗara na 'yan wasa mutane da kimanin kashi 20 cikin 100. Da aka kalli bidiyon sai aka tarar bai ma damu da gama tseren ba: ya sami wani lungu a cikin ruwa yana ta kewayawa, yana kwashe abubuwan da ke ba da maki duk sanda suka sake fitowa, yana karo da bango, wuta na cin kwale-kwalen. A 2018 ma masu bincike a Jami'ar Freiburg ta Jamus sun ga wakilinsu ya tara maki masu ɗimbin yawa a wasan Q*bert, ashe wata ɓaraka ya gano a cikin manhajar wasan. Duka biyun, kallo ne ya bayyana abin da jadawalin maki ya rufe.

To idan bidiyo ne alƙalin ƙarshe, wa ke duba alƙalin? Yawancin masu amfani da waɗannan manhajoji ba sa karanta lambobin da aka rubuta su da su. Ɗalibin da ke horar da wakilinsa a Google Colab, ko a wata kwamfuta mai nisa da ba ta da allo, ba shi da wata taga da zai leƙa sai wannan bidiyon, ba shi kuma da mai yi masa bayanin tagar sai takardar jagora.

2.0 Naɗi iri biyu ne

Kafin a auna takarda sai an san abin da take bayani a kansa, kuma a nan ne ruɗanin farko yake. Akwai manhajar da ke ɗaukar hotunan allo ɗaya bayan ɗaya ta jera su bidiyo. RecordVideo irin wannan ce. Akwai kuma wadda ba ta ajiye hoto ko ɗaya. Gym Retro, wadda OpenAI ta saki cikakkiyarta a 2018 da wasanni sama da 1,000 na na'urori irin su Sega Genesis da na Nintendo, tana rubuta fayil mai ƙarshen suna bk2, tsarin da ta aro daga makwaikwayin na'urorin wasa mai suna BizHawk. Abin da ke cikin fayil ɗin shi ne halin da wasa yake ciki a farko, sai jerin maɓallan da aka danna a kowane hoto. Idan an zo kallo, sai makwaikwayin na'urar ya sake buga wasan daga tushe yana bin jerin.

Kamar mutum ne ya rubuta yadda aka motsa 'ya'yan dara ɗaya bayan ɗaya, bai ɗauki hoton gurbin ba. Muddin an jera 'ya'yan yadda aka jera su da fari, wasan zai dawo sak. Idan ɗa guda ya sauya gurbi, kowane motsi na gaba zai auku a inda ba shi ba, kuma rubutun ba zai ce uffan ba.

StarCraft II ma haka take ajiye wasanninta, shi ya sa tsohon fayil ba ya buɗuwa sai da fitowar wasan da aka buga shi da ita. Alfanun wannan hanya a fili yake: fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai, ana iya aika shi da 'yar data kaɗan, ana kuma iya sake fitar da bidiyo daga gare shi ko yaushe. Illarta ita ce abin da ake kallo sabon wasa ne da ake sa ran ya yi daidai da na asali.

3.0 Ma'aunan da ake da su da inda suka tsaya

Binciken ingancin takardun manhaja ba sabon abu ba ne. John Carroll, a littafinsa The Nurnberg Funnel na 1990, ya nuna cewa masu koyo ba sa bin jagora daga farko zuwa ƙarshe. Suna tsallake, suna gwadawa, suna faɗawa kuskure, don haka jagora mai amfani ita ce wadda ta taimaka musu su gane kuskuren su fita. A 2015 Gias Uddin da Martin Robillard suka tambayi ƙwararrun masu rubuta manhaja, suka gano cewa matsaloli uku ne suka fi ci musu tuwo a ƙwarya: bayani mai harshen damo, bayani da bai cika ba, da bayani da ba daidai ba. A 2019 Emad Aghajani da abokan aikinsa suka nazarci bayanai 878 da suka shafi matsalolin takardu, suka rarraba su gida-gida. Tsarin Diátaxis na Daniele Procida kuwa ya raba takardu huɗu: darasin koyo, hanyar yin wani aiki, kundin dubawa, da bayanin dalili.

Dukkansu suna da amfani, amma akwai zato guda da ke ƙarƙashin yawancinsu: cewa idan takarda ta gaza, mai amfani zai sani, domin aikinsa zai tsaya ko saƙon kuskure ya fito. Ga manhajar sake kallo, mummunar gazawa ita ce wadda aikin bai tsaya ba. Bidiyo ya fito, yana da launi, yana motsi, an liƙa shi a rahoto. Daga cikin waɗannan ayyuka, na Carroll ne ya fi kusa da buƙatarmu, sai dai shi yana magana a kan kuskuren da mai koyo ke ji a jikinsa, mu kuwa muna magana a kan wanda ba ya ji.

Don haka nake ganin a raba gazawar gida biyu kafin a ba takarda maki: mai ƙara da marar ƙara. Rashin ffmpeg, manhajar haɗa bidiyo, a kwamfuta gazawa ce mai ƙara, ko jagora ba ta faɗa ba mutum zai gano cikin minti biyar. Marar ƙara ita ce ta cancanci kaso mafi tsoka na makin.

4.0 Karatun ƙwaƙwaf: Gym Retro

Sashen naɗi da sake kallo a jagorar Gym Retro gajere ne, kuma ya yi abu guda da ya cancanci yabo: tun a jimlolin farko ya faɗi cewa fayil ɗin halin farko ne da jerin maɓalli, ya faɗi cewa dawowar wasan ta dogara ga makwaikwayin da ba ya sauya amsa, ya kuma ce fayil ɗin na iya ƙanƙanta da bidiyo kusan sau 1,000. Daga nan ya kawo misalin naɗi, da na sake bugawa, da umarnin mayar da fayil bidiyo, tare da gargaɗin cewa sai an girka ffmpeg. Wanda ya karanta wannan ya san irin abin da ke hannunsa.

Misalin sake bugawar ne abin tsayawa a kai. A cikinsa akwai layin da ke buɗe wa wasan dukkan maɓalli, kuma an yi masa ɗan sharhi cewa fayil na iya ƙunsar kowane irin danni. Wannan sharhi yana da muhimmanci, domin a saitin asali Retro tana tace wasu maɓallan, idan kuwa aka tace danni ɗaya da ke cikin naɗin, wasan ya kauce. Amma 'yan layuka kafin nan, ana matsar da naɗin taki ɗaya tun kafin a shiga zagayen karantawa, ba tare da an ce ga dalili ba. Dalilin yana cikin lambobin manhajar: lokacin da aka sake kunna wasa, makwaikwayi yana cin hoto ɗaya, naɗin ma yana rubuta shi. Ɗalibin da ya ga layin kamar maimaici ne, ya goge shi don tsabtace aikinsa, duk dannin da ke biye zai makara da hoto guda, wato kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. A wasa irin Sonic wannan na iya isa tsalle ya zo a makare, ɗan wasan ya faɗa rami, sauran bidiyon kuma ya zama na wani mahaluki da ke danne-danne ba kan gado. Babu saƙon kuskure da zai fito. Mai kallo zai ce wakilin bai koyi komai ba, alhali wakilin ya tsallake ramin.

Abu na biyu shi ne lada. Retro tana ƙirga lada ne daga fayiloli biyu da ke rakiyar kowane wasa: data.json, mai nuna inda maki da rayuka suke a ƙwaƙwalwar na'ura, da scenario.json, mai faɗin abin da ake ba wa lada da lokacin da zagayen wasa ke ƙarewa. Naɗin maɓalli bai ɗauke da waɗannan dokoki ba. Idan an horar da wakili da dokar lada ta musamman, aka sake bugawa da ta asali, hotunan za su dawo daidai amma adadin da ke fitowa zai zama na wata doka dabam. Bayanin fayilolin yana wani shafi, bayanin naɗi yana wani. Mai karatu ne zai haɗa su da kansa. A awon cikar bayani ba a rasa komai ba, tunda kowane yanki yana nan. A awon da nake kira gare shi an rasa, domin gargaɗin ba ya wurin da za a yi tuntuɓen.

Batun ainihin fayil ɗin wasa kuwa an magance shi ta hanyar da ta fi rubutu. Retro ba ta zuwa da wasannin kasuwa, sai Airstriker na gwaji. Mai amfani ne ke shigo da nasa, manhajar kuma tana gwada tambarin lissafinsa da wanda ta sani, ta ƙi karɓar wanda bai dace ba. An mayar da gazawa marar ƙara mai ƙara, kuma duk inda aka iya yin haka, nauyin takarda ya ragu. Ya kamata mai aunawa ya ba da maki a nan, ko da ba jimla ba ce ta yi aikin.

5.0 RecordVideo: wane zagaye, wane sauri, idon wa

A watan Oktoban 2022 gidauniyar Farama ta sanar da Gymnasium a matsayin magajin tsohuwar manhajar Gym, jim kaɗan bayan fitowar Gym ta 0.26 ta sauya yadda ake neman hoto daga wasa: yanzu tun wajen ƙirƙirar wasan ake faɗin yanayin nuni, kuma RecordVideo tana buƙatar yanayin da ke mayar da hoto jerin lambobi. Tsofaffin darussan da ke yawo a intanet, masu amfani da tsohuwar manhajar naɗi ta Monitor da aka riga aka cire, sun daina aiki. Wannan ya wahalar da mutane, amma gazawa ce mai ƙara, ba zan daɗe a kanta ba.

Zaɓen zagaye ya fi shi haɗari. Idan ba a faɗa mata komai ba, RecordVideo ba kowane zagaye take naɗa ba. Tana ɗaukar na 0, 1, 8, 27, 64, 125, haka har 729, wato lambobin da aka ninka da kansu sau uku, daga 1,000 kuma sai bayan kowane dubu. Don horo mai tsawo tsari ne mai ma'ana, yana hana faifai cika. Amma wanda ya gama horo, ya buga zagaye biyar don ya ga ƙwazon wakilinsa, bidiyo biyu zai samu, na farko da na biyu. Idan wakilin ya yi rawar gani a biyun nan ya yi ta faɗuwa a sauran ukun, abin da zai nuna wa malaminsa ba ƙarya ba ne, ba kuma gaskiya ba ce. Jagorar ta ambaci wannan tsari, sai dai a wasu fitowar Gym jerin misalin da aka rubuta ya ƙunshi lamba 4 tsakanin 1 da 8, alhali lissafin da ke ƙarƙashinsa ba ya zaɓen 4. Ɗan kuskure ne, amma mai amfani da ya nemi bidiyon zagaye na 4 bai gani ba zai fara zargin aikinsa ne kafin ya zargi takardar.

Sai sauri. Atari tana fitar da hoto 60 a daƙiƙa. Al'adar da aka gada daga DQN ita ce wakili ya yanke shawara sau ɗaya a kowane hoto huɗu, wato sau 15 a daƙiƙa. Idan aka ɗauki hoto guda a kowace shawara, aka kuma nuna su 30 a daƙiƙa, wasan zai yi gudu ninki biyu na gaskiyarsa, wakilin ya zama kamar mai hanzarin da ya wuce na ɗan Adam nesa ba kusa ba. Ko haka zai faru ko a'a ya dogara ga inda aka sa RecordVideo a jerin lulluɓin da ake yi wa wasan: ciki da mai tsallake hotuna, ko waje da shi. Layi biyu ne kawai za a sauya wa wuri, kuma duka tsarin biyu suna aiki ba gardama.

Tsallaken hotuna na iya ɓatar da abu ɗungurungum. A takardarsu ta 2013, Volodymyr Mnih da abokansa sun yi amfani da tsallaken huɗu a dukkan wasanni ban da Space Invaders, inda suka koma uku, domin harsasan wasan ƙyaftawa suke yi, kuma tsallaken huɗu yana faɗawa daidai lokacin da ba sa kan allo. Abin da ya shafi idon wakili ya shafi idon kyamara: bidiyon da aka ɗauka da irin wannan tsallake zai iya nuna jirgi yana tarwatsewa ba tare da an ga abin da ya same shi ba.

Wannan ya kai mu ga tambayar da na ɗauka ita ce babba. Bidiyon yana nuna allon Atari mai launi, ɗigo 210 a tsaye da 160 a kwance. Wakili irin DQN kuwa ba shi yake gani ba. Ana rage masa hoton zuwa 84 sau 84, a cire launi, a tara masa huɗu na baya-bayan nan. Ƙaramar ƙwallon da ke fes a idon mai kallo tana iya zama dishi-dishi a wurinsa. Akasin haka ma na faruwa. A Disambar 2018 AlphaStar na DeepMind ya doke ƙwararrun StarCraft II biyu, TLO da MaNa, kowanne da ci 5 da nema. Wancan wakili yana karɓar bayanin duk sassan filin da ba a rufe masa ba a lokaci guda, ba ya buƙatar motsa kyamara, ɗan Adam kuwa ɓangare ɗaya yake gani. Da aka kawo wani samfurin da aka tilasta wa bin kyamara a wasan kai tsaye na Janairun 2019, MaNa ne ya yi nasara. Mai kallon wasannin farko ta allon da aka saba ba zai ga wannan bambanci ba sai an faɗa masa. Jagorar da ba ta ce a fili ba cewa hoton da take fitarwa ba shi ne abin da wakili ya gani ba, ta bar mafi girman ramin a buɗe.

6.0 Yadda za a yi awon

Karanta takarda a zaune ba zai fito da waɗannan ba, domin a ido duk daidai suke. Hanyar da nake ba da shawara ita ce a sami mai gwaji da ya iya Python amma bai taɓa amfani da manhajar ba, a ba shi jagorar kaɗai, a hana shi duba lambobin ciki. Bayan ya fitar da bidiyo, kada a tsaya a nan a ce an yi nasara. A tambaye shi: wane zagaye ne wannan, kuma nawa aka tsallake? Daƙiƙa ɗaya a bidiyon nan daƙiƙa nawa ce a wasan? Wannan hoton wakili ya gani? Idan aka kai fayil ɗin wata kwamfuta, me da me za a tafi da shi don wasan ya dawo? Kowace amsa ana iya tabbatar da ita daga lambobin manhajar, don haka makin ba ra'ayi ba ne. Amsar da ya bayar da ƙarfin gwiwa kuma ba daidai ba ta fi "ban sani ba" muni, a rage mata maki fiye da ita.

Mataki na biyu shi ne a ɓata abu da gangan, a ga ko jagorar za ta kai shi ga ganewa. Misali mai kyau yana cikin Atari kanta. Tun bayan takardar Marlos Machado da abokansa ta 2018, an shigo da danni mai ɗanko: a kowane hoto akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 cewa wasan zai maimaita dannin baya maimakon sabon. Haka saitin wasannin da sunansu ke ƙarewa da v5 yake. Wanda ya rubuta shawarwarin wakilinsa a fayil, ya sake ciyar da wasan da su ba tare da lambar tushen ƙuri'ar da aka yi amfani da ita ba, wani wasa dabam zai gani. A ba mai gwaji irin wannan naɗi da ya kauce, a auna ko takardar ta tanadar masa hanyar tantancewa, ko da gwada makin ƙarshe na naɗin da na sake bugawar ne.

Za a iya cewa wannan nauyi ya yi wa masu kula da manhajojin yawa, tunda galibinsu 'yan sa-kai ne, kuma Gym Retro ma sai da wasu suka ɗauki rainonta da sunan Stable-Retro bayan an daina sabunta ta. Gaskiya ne. Sai dai abin da ake nema bai wuce 'yan jimloli ba, a ajiye su daidai wurin da ake tuntuɓe. Kirana ga masu duba takardun bincike da malaman da ke duba ayyukan ɗalibai shi ne kada su karɓi bidiyon wakili a matsayin shaida sai an rubuta a ƙarƙashinsa lambar zagayen, da tsallaken hotunan, da fitowar manhajar da aka naɗe shi da ita.